Tsohon bugun Legas, sabon bugun Turai, ko jitar Agadas: ina jika sittin ɗinka za ta fi amfani?

Ranar wata Alhamis da la'asar, kasuwar Dole ta nan Damagaram ta fara watsewa, ɗan yayata ya shigo zaure da waya a hannu, ko gaisuwar kirki bai gama ba ya miƙo mini ita. Wani mutum ne a Kano ya turo masa hotuna ta WhatsApp: faifai baƙi a kan tabarma, kwalinsa ya sha jiki, an rubuta Ofege a gaba, sunan wata tsohuwar ƙungiyar kiɗan rok ta Legas. "Kawu, jika sittin ta sefa na tara. Ya ce na asali ne, bugun 1973. In tura masa kuɗin?" Na ce ya zauna tukuna, ko shayin farko bai nuna ba.

Ya zo wurina ne don ya san akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona. Na baffana ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota tsakanin Damagaram da Kano, wani zubin har Legas, ko Ikko kamar yadda shi yake cewa. Faya-fayai arba'in da ɗoriya ya bari. Yawanci na Shata ne da Ɗan Maraya, sai na hailaif, sai guda bakwai na samarin nan masu jitar lantarki da suka cika kudancin Najeriya da ƙara bayan yaƙin Biyafara. A cikin bakwai ɗin, uku kacal ake iya saurara har ƙarshe ba tare da allura ta yi tsalle ba. Uku cikin bakwai, kuma a hannun mutumin da ya saye su sababbi yana lallaɓa su kamar ƙwai. Da wannan lissafin na fara wa yaron bayani.

Mai son faifan rok a garin nan kaya iri uku ne a gabansa, kuma masu sayarwa sukan kira su duka da suna ɗaya. Akwai tsohon bugu, wanda aka buga a Najeriya a shekarun 1970. Akwai tsofaffin waƙoƙin da kamfanonin Turai da Amurka suka sake bugawa a sabon faifai. Akwai kuma jitar Agadas, wadda zancenta daban yake, zan zo kansa.

Tsohon bugun yana da abin da sauran ba su da shi, ba zan ɓoye ba. Yaƙi ya ƙare a 1970, samari suka fito da yunwar kiɗa. A Legas kamfanin EMI yana da ɗakin ɗaukar sauti a Apapa, a nan wani mai shirya kiɗa Odion Iruoje ya riƙa jawo yara yana sa su gaban makirfo. Ƴan Ofege ɗaliban sakandaren St. Gregory's ne da ke Obalende, ba su ma gama karatu ba faifansu na farko, Try and Love, ya fito a 1973. A shekarar ce BLO, samari uku da suka haɗa haruffan farko na sunayensu, Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, suka fitar da Chapter One. Can gabas, a Aba, ga The Funkees, waɗanda daga baya suka koma Landan. Kamfanin Decca na da tambarinsa na Afrodisia, Tabansi kuma ya kafa nasa kamfanin. Har Paul McCartney, tsohon mawaƙin ƙungiyar Beatles ta Ingila, ya zo ɗakin EMI ɗin nan na Legas a 1973 ya ɗauki Band on the Run, makaɗin gangar nan na Ingila Ginger Baker ya gina nasa ɗakin sautin a Ikeja. In ka riƙe ɗaya daga cikin faya-fayan wancan zamani, ka riƙe abin da ya fito daga injin da aka kunna a Legas shekara hamsin da suka wuce, da tawadar kwalinsa da hatimin shagon da ya sayar da shi. Na baffana akwai wanda aka buga wa hatimin wani shago a Sabon Garin Kano, tawadar shuɗiya ce, har yanzu tana karantuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne.

Amma zumar nan ta yi shekara hamsin a ƙasa mai zafi, kuma ba a kabad ta yi su ba. Faya-fayan rok na wancan lokaci na rawa ne, a gidan biki da otal suka ƙare rayuwarsu, ana ɗora musu allura mai nauyi, in ta fara tsalle a aza mata kwabo a ka don ta zauna. Ita wannan dabara ta kwabo, wadda kowane tsoho zai ba ka labarinta yana dariya, ita ta cinye layukan faya-fayai da yawa. Faifan da allura ta rarake cikinsa, ko ka wanke shi ya yi ƙyalli kamar madubi, sautinsa ya tafi: murya sai ta yi kamar ana magana ta cikin rariya, jitar ta riƙa kakkaucewa duk inda aka ɗaga sauti. Hoto ba ya nuna wannan. Shi ya sa na ce wa yaron abin da yake shirin yi cinikin biri a sama ne.

In har za ka sayi tsohon bugu, sai ka je da ƙafarka. Kano kusan kilomita 240 ce daga nan, ba bangon duniya ba. Ka fitar da faifan daga kwali, ka riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu, ka fita da shi haske ka karkata shi. Ƙananan zane-zane kamar gashi ba komai ba ne. Wanda farcenka zai ji in ka shafa a hankali, shi ne zai riƙa yin "tak, tak" a kowane zagaye. In layukan sun yi toka-toka maimakon baƙi wuluk, allura ta gama da shi. Sai ka ɗora shi a kan gilashi ko tebur mai lafiya, ka duba ko wani gefe ya ɗaga. Daga nan ka dubi filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya: akwai lambobi da aka zana ko aka danna a jikin robar. Ka buɗe shafin Discogs, inda ake tara bayanan faya-fayai, a wayarka, ka nemi faifan, ka gwada lambobin da hoton takardar tsakiya da na hannunka. Nan ne ake gane bugun farko da na baya, da kuma na jabu, don akwai masu buga faifai ba izini su yi masa kwali mai kama da tsoho. Sai abu na ƙarshe wanda ya fi duka: a kunna maka, gefe biyu, musamman waƙar ƙarshe ta kowane gefe, don kusa da tsakiya ne lalacewa take fara bayyana. Mai kayan da ya ce ba shi da garmahon gwaji, to farashin ya sauka rabi ko ka yi masa sallama.

Kuɗin kuma fa? Nan ne na ga idon yaron ya yi sanyi. Tun farkon shekarun 2000 masu tara faifai daga Turai da Amurka da Japan suke bin Legas da Anaca da Kwatano suna kwashe masu kyau. Tsohon bugun rok na Najeriya mai lafiya, in sanannen suna ne, ɗaruruwan daloli ake sayar da shi a intanet, kuma dillalai sun san da haka, suna da waya kamar yadda kake da ita. Saboda haka in wani ya ce zai ba ka Ofege na asali a jika sittin, wato abin da bai kai Yuro 92 ba, ɗayan biyu ne: ko faifan ya gaji, ko ba na asalin ba ne. Akwai na uku, ka ci sa'ar wani gida da aka buɗe akwatin marigayi ba su san darajar abin ba, amma wannan ba ta WhatsApp take zuwa ba.

Sabon bugu ba shi da ƙamshin tarihi, amma yana da abin da kunne yake so. Kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da Nigeria Rock Special a 2008, ya biyo da The World Ends a 2010, a 2012 ya tattara waƙoƙin The Funkees a faifai mai suna Dancing Time. Now-Again na Amurka ya fitar da Wake Up You! a 2016, kashi biyu, da dogon bayanin da Uchenna Ikonne ya rubuta kan yadda rok ɗin ya tashi da yadda ya faɗi tsakanin 1972 da 1977. Faya-fayan Ofege da BLO na farko su ma an sake buga su. A Turai sabon faifai guda yakan kama Yuro 20 zuwa 30, mu ce jika goma sha uku zuwa ashirin, tunda Yuro ɗaya sefa 656 ne. Tarin da ke da faifai biyu ko uku a kwali ɗaya ya fi haka. Da kuɗin da yaron zai ba da a kan faifai ɗaya da bai ji ba, zai sami tari biyu masu ɗauke da mawaƙa da dama, ya san wanda ransa ya fi kwantawa da shi kafin ya fara farautar na asali. Ga kuma wani abu da ba a cika tunawa da shi ba: tsohon faifan da ya sauya hannu, ko miliyan aka saye shi, mawaƙin ko iyalinsa ba su ganin dala. Sabon bugun da aka yi da izini, ko yaya ne wani abu yana isa gare su.

Shi ma yana da nasa tabon. Yawancin manyan kaset-kaset na asali da aka ɗauki waƙoƙin a kansu sun ɓace ko sun lalace, don haka sau da yawa daga wani tsohon faifai mai lafiya ake kwafo sautin, a share masa ƙara da kwamfuta, a sake bugawa. In mai sharar ya iya, ba za ka gane ba. In ya cika hannu, sai ka ji kiɗan ya yi tsabta amma ya yi laushi, gangar ta rasa ƙarfinta. Na taɓa ɗora waƙa ɗaya a tsohon faifan baffana da kuma sabon bugu, ɗaya bayan ɗaya. Tsohon yana ta ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta, amma gangar tana dukan ƙirji. Sabon shiru tsit tsakanin waƙoƙi, murya tar, gangar dai ta ɗan ja baya. Matata, wadda ba ruwanta da wannan hauka tawa, daga madafa ta ce a bar sabon.

Babbar wahalar sabon bugu ita ce hanya. Kuɗin aikawa daga Turai yakan kusa kamo kuɗin faifan, ga duwan, ga kwanakin da kunshin zai yi kafin ya bar Yamai ya ci kilomita wajen 900 zuwa nan. Na yi asarar guda ta haka: ya iso a watan Mayu, ya lanƙwashe kamar faifan rufe ƙwarya da aka bari a rana. Ban san a wace mota ko wane sito ya gasu ba. Tun daga nan ba na yin oda a bazara. Na fi jiran wani ɗan uwa ko ɗalibi mai dawowa daga Faransa ya saƙa shi tsakanin tufafi a jakar hannu.

Sai Agadas. A nan ne na fi son mutanenmu su buɗe ido, don kishin ƙasa yakan sa mutum ya saki kuɗi ba tambaya. Babu wani abu wai shi tsohon faifan jitar Agadas na shekarun 1980 ko 1990. Kiɗan nan a kaset ya rayu. Lokacin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990, waƙoƙin su Abdallah Oumbadougou a ɓoye suke yawo, daga rikoda zuwa rikoda, kowane kwafi ya fi na baya dusashewa, har aka yi sulhu a Afrilun 1995. Bayan kaset sai waya. Mdou Moctar ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki Anar, waƙoƙin suka bazu ta Bluetooth da katin memori, daga tasha zuwa tasha. Faifai ya shigo ne daga baya, kuma daga waje. Kamfanin Sublime Frequencies na Seattle ya buga Group Inerane a 2007 a jerin da ya kira Guitars from Agadez, ya buga Group Bombino a 2009. Sahel Sounds na Christopher Kirkley, a Portland, ya fitar da Music from Saharan Cellphones a 2011, ya buga Anar a faifai a 2014, Etran de L'Aïr kuma, ƴan gida ɗaya da suka daɗe suna kiɗan bukukuwa a Agadas, faifansu na farko ya fito a 2018. Ko Mamman Sani, wanda kiɗan organ ɗinsa ya daɗe yana ratsa shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasar nan, a kaset ya fito a 1978, sai 2013 ya hau faifai. Duk wanda ya nuna maka faifan Agadas ya ce gadon kakansa ne, ka gaishe shi ka wuce.

Wannan bai rage wa faya-fayan Agadas daraja ba. Hasali ma, in tambayar ita ce wanne ne zai fi daɗewa a kan garmahonka, ni a gidana su ne. Sababbi ne, ba su sha kwabo ba, farashinsu na sabon bugu ne in ban da ƴan bugun farko na Sublime Frequencies da aka buga kaɗan suka yi tsada. Kuma kiɗan na gida ne, kilomita wajen 450 ta hanyar Tanut, kunnenmu ya saba da tafin da ke ƙarƙashinsa. Sai dai a sani, na farko-farkon a filin biki da tsakar gida aka ɗauke su, da lasifikar da ta ji jiki, sautin ɗanye ne. Mai son sauti mai gyara sai ya nemi na baya, irin su Nomad na Bombino na 2013 ko Afrique Victime na Mdou Moctar na 2021. Wani zai ce me zai sa in sayi faifan da waƙoƙinsa suke cike da wayata kyauta? Tambaya ce mai kyau, kuma in amsarka ba ta wuce "don in ji waƙar" ba, riƙe kuɗinka. Faifai na wanda yake son ya zauna ne ya ji gefe guda na minti ashirin ba tare da yatsa ya kai ga maɓalli ba.

Duk wannan zance banza ne in babu garmaho mai kyau, kuma yaron ba shi da shi, nawa yake hange. Ƴan ƙananan nan masu kama da akwati da lasifika a jiki, araha ba ta ado: allurarsu takan danna da nauyin giram biyar ko fiye, alhali mai kyau giram biyu ko kusa da haka take buƙata. Ka ɗora tsohon bugu mai tsada a kan irin wannan, ka koma zamanin kwabo ke nan. Gara tsohon na Japan ko na Turai daga masu kayan gwanjo, a canza masa allura da bel, don robar bel ba ta jure zafinmu, narkewa take ta zama kamar ƙaro. A kula da wanda ya fito daga Amurka: wutarsu 120 ce mai bugu 60, tamu 220 mai bugu 50. Ko ka sa masa taransifoma, in injinsa mai bin bugun wuta ne, faifan da ya kamata ya yi zagaye 33 da sulusi a minti zai yi kusan 28, mawaƙin ya koma kamar wanda aka tasa daga barci. Haka in kana kunnawa da janareto, sautin yakan yi ta lilo. Sannan ampili sai mai ramin da aka rubuta PHONO, in ba haka ba za ka ji kiɗan can ƙasa-ƙasa ba nauyi, ka zaci faifan ne ya mutu.

Ajiya kuma a Damagaram yaƙi ne da abokan gaba uku: zafi, ƙura, gara. Robar faifai tana fara sakin jiki tun kafin zafi ya kai digiri 60, kuma mota a rufe ko saman kabad a ɗakin kwano a watan Afrilu ba su da nisa da haka. Ɗakin ƙasa irin na cikin Birni ya fi kowane ɗaki dacewa da su, sai dai can ne gara take, ita kuma kwali take so. A tsaye ake jera su kamar littattafai, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, a cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa. Da hunturu faifai yakan ja ƙura da kansa, kana gogewa tana dawowa. Kada a wanke da ruwan famfo ko na rijiya, yana barin farin gishiri a cikin layuka. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batir ya isa, amma a tabbata ruwan ne zalla ba mai asid ba, da ƙyalle mai laushi, a bi layin a zagaye. A nan ma sabon bugu ya fi sauƙin rai: in ya lalace ka yi tsaki ka sake nema, tsohon in ya tafi ya tafi.

Ga yadda na raba wa yaron. Wanda yake son kiɗa, kuma bai taɓa mallakar faifai ba, ya fara da garmaho, sannan tari ɗaya na rok ɗin Najeriya a sabon bugu da faifai ɗaya na Agadas. Wanda ya riga ya san waƙoƙin, yana da inda zai ajiye, yana da haƙurin zuwa Kano ya dawo hannu rabbana sau biyu ko uku, shi ne tsohon bugu ya dace da shi, kuma ya fi masa ya nemi ƙananan faya-fayan nan masu zagaye 45, waƙa ɗaya a kowane gefe, na ƙungiyoyin da ba su yi suna ba. Wanda kuma yake tunanin ya saya ya ajiye don ya ci riba, ya sayi tunkiya.

Yaron bai tura kuɗin ba. Ya rubuta wa mutumin ya ɗauko masa bidiyon faifan yana juyawa, da hoton lambobin tsakiya. Kwana huɗu shiru, sai ga amsa wai garmahon yana wurin gyara. Jika arba'in da biyar ta tafi a kan wani tsohon garmahon Technics da muka samu wajen mai gyaran rediyo a Zango, har da sabuwar allura, sauran yana ajiye da su yana jiran wani abokinsa da zai dawo daga Liyon ta Faransa bayan damina. Kafin nan na ba shi aron ɗaya daga cikin ukun nan na baffa, na ce in na ga kwabo a kan allurar, ya nemi wani kawun.